Ranar da Motar Jana'iza Ta Ƙi Tashi da Hajara

Tun ina da cikin Nana nake tsoron farar bas ɗin nan ta unguwarmu. Da ita ake kai gawa maƙabarta, kuma kullum tana ajiye a gefen masallaci, kan hanyar da nake bi in je rumfata. Sai na koma bin lungun masu wanki, ko da ruwan sama ya cika shi da caɓi, don dai kada in wuce ta gabanta. Mahaifiyata wurin haihuwata ta rasu. In na hango motar sai in ji kamar ni take jira. Maƙwabciyata Hajara, wadda cikinta ke bayan nawa da wata uku, dariya take yi mini. "Ke da kike kwance mota ki ɗaura, Bilki, ƙarfe kike tsoro?" Na haihu lafiya, na yi arba'in, na koma aiki da Nana a goye, amma tsoron bai sake ni ba.

Sana'ata rewaya ce, wato gyaran wutar mota. Ina wannan rubutu ne saboda 'yan matan da ke zuwa rumfata a unguwar Ali Kazaure suna cewa in koya musu, wai sun ga abin ba wuya: a taɓa waya nan, a taɓa can, mota ta tashi. Wata ma cewa ta yi ai yanzu na'ura ake jonawa ta faɗi ciwon. To ku zauna ku ji.

Babana cajin batir yake yi a Titin Bauchi, rumfarsa jikin ta wani ɗan Ibo mai suna Oga Obinna. Daga aji biyar na bar makaranta, ni ke kai wa Baba abinci. Wata rana noti ya faɗa wa Oga bayan sitiyari, hannunsa ya kasa shiga, na zura nawa na ɗauko. Ya kama hannun yana juyawa kamar mai tayin kaza, ya ce, "Baba, wannan hannun rewaya ne. Ka ba ni shi." Shekara shida na yi a wurinsa. Har na bar shi bai taɓa ce mini "ke" ba, "kai" yake ce wa kowa.

Abin da ya fara miƙo mini ƙwan fitila ne ɗan ƙarami da ya ɗaura wa waya biyu, ɗaya da maƙali a bakinta, ɗaya da tsinin ƙusa. Daga baya ya ƙara mini samfefa, da burushin ƙarfe, da sufana mai lamba goma, da wata waya mai kauri mai baki biyu irin wadda ake jona batir da batir. Har yau su ne a jakata. Fitilar ce babbarsu.

Akwai wata a-kori-kura ta wani Bafulatani mai fataucin shanu da ba na mantawa. In an murɗa makulli sai ta ce ƙas, sau ɗaya, ta yi shiru. Ban yi wata-wata ba na ce kik ya mutu, wato ɗan injin nan da ke juya babban inji in za a tashi mota. Rabin yini na yi kwance a ƙarƙashinta ina kwance kik, baƙin mai na ɗigo mini a goshi. Da na fito da shi na ɗora a benci na ba shi wuta, sai ya juya fir kamar sabo. Oga ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai Bilki, wuta ya fita daga batir, ina ya tafi?"

Na ce, "Kik."

"Daga kik fa? Can ya kwana?"

A ranar ya nuna mini. Wuta ta jan waya take fita, amma dole ta koma batir, kuma ta jikin ƙarfen inji da na mota take komawa, sannan ta bi baƙar waya mai kauri da aka ɗaure a jikin ƙarfen. Wannan hanyar komawa ita muke kira as. In ta toshe, ko batir sabo ne, ko kik sabo ne, mota ba za ta tashi ba. Ya maƙala fitilata a kan batir ta wajen baƙar waya, ya dafa ƙusar a jikin inji, ya ce mai mota ya murɗa. "In as yana da kyau, wannan fitila ba zai kama ba." Fitila ta kama tar. Ashe fenti aka yi wa motar kwana uku da suka wuce, aka ɗaure baƙar wayar a kan sabon fenti. Minti biyar na goge wurin da samfefa, motar ta tashi. Bafulatanin ya dubi kik ɗin da na sha wuyar kwancewa, ya dube ni, ya ce, "Baiwar Allah, shi kuwa wannan laifin me ya yi miki?"

Abin da ya sa as ya fi kowane ciwo ruɗa mutane shi ne, in wuta ta rasa hanyarta ba ta haƙura, neman wata take yi. Za ka taka birki sigina ta kama. Za ka kunna fitila hon ya yi nishi. Waifa ta motsa ba wanda ya taɓa ta. Na ga wanda ya yi wa motarsa hayaƙin habbatussauda kwana bakwai kafin ya kawo ta. Na ga wata mai shago a Tina Junction da ta shafe sitiyari da man addu'a daga coci har hannu ke santsi. Ba na yi musu dariya. In kana zaune kai kaɗai a mota ka ga abu ya motsa da kansa, sai ka ji a jikinka.

Shekarar da aka yi ta sa dokar hana fita saboda rikicin gari ita ce ta fi mini muni. Oga ya tattara kayansa ya koma wajen Tina Junction, kwastomomi suka rabu gida biyu, kowa ya tsaya ɓangaren da ya fi jin kwanciyar hankali. Ni kuma na yi aure, mijina Sani tela ya yarda na kafa rumfa kusa da gida. Sai in yi mako ban buɗe bonet ba, sai wayar Keke Napep da ta janareta. Maza da yawa in sun leƙo sun ga mace, sai su ce sun yi ɓatan kai. Kwamitin masallaci ma ba su taɓa kawo mini farar bas ba, ni kuwa hakan ya yi mini daidai.

A daminar da na haihu motar ta fara abinta. Na farko da gawar wani tsohon mahauci ne. An sallace shi, an sa makara a ciki, direbanta Baba Iro ya murɗa, ƙas. Ya sake, ƙas. Aka fito da gawar za a nemi wata mota, Baba Iro ya gwada don ya cire shakka, sai ta tashi. Aka kira wani rewaya ya canja batir. Bayan mako biyu ta sake yi da gawar wata tsohuwa, aka fito da ita, mota ta tashi. Aka kira wani ya canja kik. Kowannensu ya gwada ta a gefen masallaci, babu kowa a ciki, ya ce ya gama. Daga nan magana ta fara yawo a gidajen suna da wurin ɗiban ruwa, wai motar tana gane wanda bai yarda ya tafi ba.

Hajara ta haihu da asubahin wata Laraba, jini ya ƙi tsayawa, kafin rana ta fito ta cika. Jaririyar ta zo da rai, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na 'yar mage. Da hantsi muna zaune a ɗakin Gwaggo Talatu, mahaifiyar Hajara, ana yayyafi, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Jaririyar na kan cinyar Gwaggo tana ɗiga mata ruwan ɗumi da ƙaramin cokali. Ƙanwar Hajara ta riga ta sa hijabi, an ce da zarar an tafi da gawa za ta kai yarinyar asibiti. Muka ji an idar da salla a waje. Muka ji an ja ƙofar mota an rufe.

Ƙas.

Muka ji an sake murɗawa.

Ƙas.

Wata tsohuwa daga lungun gado, ban ma ga fuskarta ba, ta ce a hankali, "Ba za ta tafi ta bar 'yarta ba. Jiranta take yi."

Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Ina kallon hannun Gwaggo, cokali ya tsaya a sama. Ta ajiye shi a cikin kofi. Ta ɗauke jaririyar daga cinyarta ta kwantar a tabarma, ta gyara mata zani, ta juyar da fuskarta gabas. Ta ce wa ƙanwar Hajara, "Cire hijabin nan. Kada a wahalar da ita a hanya."

Daga waje na ji murya tana cewa a fito da makara a nemo a-kori-kura. Na san abin da zai biyo baya. Za a fito da Hajara, Baba Iro zai gwada, motar za ta tashi kamar yadda ta yi sau biyu, kuma daga nan babu mai sake ɗaukar cokalin nan. Wannan ƙas ɗin kuwa na san shi, kunnena ya ji shi a motoci sun fi a ƙirga. Na miƙa Nana ga matar da ke kusa da ni, na fita ta ƙofar baya, na ɗauko jakata a gida, na ɓullo ta gaban zaure.

Maza sun cika layin. Wani ya ce, "Subhanallahi, mace a wurin jana'iza?" Sani ya taho da sauri, ya ga jakar a hannuna, ya ga fuskata, sai ya juya wurin liman. "Allah gafarta Malam, sana'arta ce."

Baba Iro ya leƙo ta taga, goshinsa duk gumi cikin wannan sanyi. "Malam, maza biyu sun gwada. A bar 'yar nan ta duba."

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kada a fito da ita."

Liman ya dube ni, ya ce, "Ki hanzarta. Haƙƙinta ne a gaggauta."

Irin tsohuwar bas ɗin nan ce mai inji a ƙarƙashin kujerar gaba, batir kuma a cikin wani akwati a ƙasan daɓe, bayan kujerar direba. An cire kujerun baya an sa benci biyu, makara a tsakiya. Murfin akwatin batir yana daidai wurin kan makara. Na kama ƙarfen ƙofa na hau. Maza bakwai ne a ciki, suka janye gwiwoyinsu suna kallon gefe. Na durƙusa. Ƙamshin turare da kafur ya cika hancina. An lulluɓe ta da darduma, amma tsakanin kafaɗata da kanta bai kai tafin hannu ba. Jiya da yamma wannan kan na kitsa.

Na ɗaga murfi. Batir sabo fil, kawunansa tsaf. Na sa aka ɗaga kujerar gefen direba, na maƙala fitilata ta wajen baƙar waya, na miƙa hannu na dafa ƙusar a jikin inji.

"Baba, murɗa ka riƙe."

Ƙas. Fitilar da ke hannuna ta kama. A lokaci guda ƙwan da ke rufin motar, wanda ba a kunna ba, ya yi wani ja kamar garwashi a saman darduma. Waifa ta ja jiki a kan gilashi, ƙiiii, ta kai rabi ta tsaya. Wani a bayana ya ce, "La'ilaha illallahu." Wani ƙaton mutum da ke bakin ƙofa ya diro waje ba shiri.

Da ya diro na ji daɓen da ke ƙarƙashin gwiwata ya ɗan taso, ya yi ƙara kamar an buɗe gwangwani, fitilata kuma ta yi rawa ta rage haske. Na riga na san as ne. Abin da ban sani ba shi ne me ya sa take tashi in an fitar da gawa, kuma shi ne kawai abin da matan cikin gida suka damu da shi. Na dubi daɓen. Duk tsatsa ce, an shimfiɗa leda an rufe.

"Baba Iro, ranar mahauci, da aka fito da gawa, mutanen da ke ciki fa?"

"Sun sauka mana. In ba su ba wa zai ɗauko ta?"

"Ranar tsohuwa fa?"

"Haka."

Duk unguwa an yi ta lissafi da wanda ya mutu, ba wanda ya tuna masu ran da ke zaune a benci. Na ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Don Allah kowa ya sauka. Hajara kaɗai za a bari."

Suka sauka ɗaya bayan ɗaya, motar na ɗagowa kaɗan-kaɗan. Da na ƙarshe ya sa ƙafa a ƙasa, makarar ta zamo, kan Hajara ya zo ya jingina da kafaɗata. Na san dalili, daɓe ne ya miƙe. Amma sanyin da ya ratso dardumar nan ya shiga ƙashina, har yau in damina ta yi nisa ina jin sa a wurin. Ban matsa ba. Daga ni sai ita a baya, sai Baba Iro a gaba yana salati.

"Murɗa, Baba."

Injin ya juya, ya tashi, ya cika layin da ƙara. Fitilata ba ta kama ba.

Na bi baƙar wayar da hannu zuwa inda aka ɗaure ta a ƙasan daɓe. Ja ɗaya na yi mata bakinta ya gutsuro a hannuna, injin ya mutu. Silin da ya rage a ciki bai fi uku ba, sauran duk sun zama kore da fari kamar garin kanwa. In motar ba kowa, ragowar na taɓa ƙarfe. In maza sun zauna, ruɓaɓɓen daɓen ya lotsa ya buɗe wurin. Na ɗauko wayata mai kauri, na maƙala baki ɗaya a batir, ɗaya a jikin inji, na haɗa wata 'yar waya zuwa lafiyayyen ƙarfe a jikin motar, na ɗaure duka da roba. Na ce su hau. Duk bakwai suka hau, har da ƙaton. Baba Iro ya murɗa, ta tashi. Na sauko. Liman ya ɗaga hannu aka tafi.

Da na koma ɗaki jaririyar na nan a tabarma yadda aka bar ta. Na durƙusa gaban Gwaggo na buɗe tafin hannuna.

"Gwaggo, kin ji tashin motar. Hajara na ciki ta tashi, ba a fito da ita ba. Ni ce a gefenta. Nauyin maza ne ya hana. Ga abin da ya ruɓe."

Ta ɗauki guntun wayar ta murza da yatsa, ya marmashe mata a zani.

"Wannan ne ya riƙe mini 'ya a ƙofar gida?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ba ta yi gardama ba?"

"Ba ta yi ba."

Tsohuwar lungun gado ta fara cewa, "Ai dai su waɗannan abubuwa..." Gwaggo ta ce, "Ya isa, Yaya." Ta sunkuya ta ɗauki jaririyar, ta dubi gaban rigata da ya jiƙe, ta miƙo mini ita. "Je ki wanke hannun nan tukuna, duk baƙin mai ne."

Sai da na yi ta shafa mata nono a leɓe kafin ta kama, kuma tsotso uku ta yi ta gaji. Amma ta kama. Ƙanwar Hajara ta mayar da hijabinta, muka tari Keke a bakin layi. Da Sani ya dawo daga maƙabarta na gaya masa na shayar ban tambaye shi ba. Ya ce da na tsaya jiransa da ni da shi ne.

Washegari Baba Iro ya kawo motar rumfata. Na ɗage ledar daɓen gaba ɗaya, na ga farin abu ya bushe a duk wata tsaga, na tambaye shi da me yake wanke ta. Ya ce da ruwan gishiri. Duk dawowa daga maƙabarta sai ya jiƙa gishiri a bokiti ya wanke daɓen tas, don kada wanda za a ɗauka gobe ya kwanta a kan warin na jiya. Shekara da shekaru yana yi, ba wanda ya sa shi. Ruwan kuwa ta bakin murfin batir yake gangarawa, kai tsaye kan as. Da na nuna masa sai ya cire hula ya zauna a kan taya, ya ce, "Ashe ni ne." Na ce masa gishiri ne, kuma sabulu ma yana fitar da wari.

Mai walda ya sa sabon farantin ƙarfe a daɓen. Na sa sabuwar waya mai kauri, na goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, na ɗaure, na shafe da giris, na ƙara ta biyu daga inji zuwa shasi, wato ƙarfen gindin mota. Ban yarda na gwada ta ba kowa a ciki ba. Bayan la'asar na sa Baba Iro ya tsayar da mutum takwas daga masallaci suka hau. Ba wanda ya kalli tsakiyar motar. Sau goma aka kashe aka tayar.

Yarinyar sunan uwarta aka sa mata, Ummi muke kiranta. Yanzu tana tafiya, ita da Nana nono ɗaya suka sha, faɗansu ma ɗaya.

Roƙona gare ku, masu son koyon aikin nan da masu mota duka: mota a gwada ta yadda take aiki, da kayanta da mutanenta a ciki. In kuma ta ƙi tashi a ƙofar gidan rasuwa, don Allah kowa ya kama bakinsa, a aika a kira rewaya. Kada wanda ya ce ga abin da mamaci yake so. Akwai masu rai a cikin ɗaki suna ji.